Launin Ƙuli a Bakin Wuƙa

Ranar kasuwar Tsanyawa, Basiru mahauci ya dire wuƙarsa a gaban Malam Zubair maƙeri, bakinta a ɓalle kamar haƙorin tsoho.

"Baba, ƙashin akuya fa kawai ta taɓa. Ga Babbar Sallah ta ƙarato. In ta gaba ta yi haka, kada ka ga laifinmu, duk mahauta wani wurin za mu koma."

Malam Zubair ya ɗauki wuƙar yana juya ta. Hannu na nan da ƙarfinsa, har gobe yana baje sifirin mota ya fitar da wuƙa santaleliya. Ido ne ya ci amanarsa, farar yana ce ta soma rufe shi. Ita kuwa wuƙa, in an tsoma ta jajir a cikin mai, taurinta yakan yi yawa, sai an goge ta an ɗumama bayanta a kan garwashi, ana kallon launi yana gangarowa zuwa baki. A ɗauke da wuri ta karye, a makara ta yi laushi, ko albasa sai ta yi mata gardama. Launin nan ne ya daina gani, girman kai kuma ya hana shi faɗa wa kowa. Tsoro ya cika shi, don in mahauta suka tafi, maƙerar ubansa ta mutu ke nan.

Matarsa Rahmatu mai ƙuli-ƙuli ce, ita ke ba shi man gyaɗan da yake tsoma ƙarfe. Da hantsi ta leƙo rumfar, ta tarar ya kafa hanci a kan sabuwar wuƙa, har gemu na ƙauri.

"Malam, gemun za ka babbake? Me kake nema?"

Ya sunkuyar da kai. "Launi. Ba na ganinsa, Rahmatu."

"To ai sai ka faɗa! Wane iri?"

Mace a maƙera? Tun kaka da kakanni ba su taɓa yi ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ya ce da fari zai yi kamar busasshen kara, sannan ya ɗan yi ja, shi ake so. In ya kai shuɗi, an yi asara.

"Oho, ashe ƙuli ne! Ai kullum shi nake kwashewa kafin ya ƙone."

Ta gyara zani ta tsuguna, shi kuma ya mayar da wuƙar kan garwashi. Ta zuba mata ido tana cewa, "Saura. Saura. Ga shi nan ya taho. Ɗauke!"

Ya tsunduma ta a mai, ta ce cuu.

Da Basiru ya zo karɓa, ya sari ƙashi da ita, ya sake sara, sannan ya aske gashin hannunsa tas. Ya dubi tsohon ya yi ƙasa da murya, don ashe mahauta sun daɗe da ganewa.

"Baba, idon ya dawo ke nan?"

Malam Zubair ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "Bai dawo ba. Ga shi can cikin gida yana suyar ƙuli."

Daga bayan zana Rahmatu ta ɗaga murya. "Duk mai son wuƙa, ya jira in sauke kasko!"