Tagwayen Kawu Ɗalha

Tun da na hango Kawu Ɗalha ya sauko daga motar Kaduna yana murmushi, da leda a hannu, jikina ya ba ni an ɓata mini aiki. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ne kuma shugaban dillalan wata karar shanu a ƙasar Birnin Gwari. Ni Halima, shagon gyaran kwamfuta gare ni a bakin tasha. Ni suka ba aikin kafa kyamarori a ƙofar kara, don satar shanu ta kai kowa yana kallon kowa a kaikaice. Aka ce duk dabbar da ta shiga, da wanda ya jawo ta, da wanda ya fita da ita, a ɗauki hotonsu a ajiye.

Wurin ajiyar wani ɗan akwati ne mai cin faifai biyu, irin waɗanda ake kira es-es-di. Abin da aka rubuta a wannan shi ake rubutawa a wancan, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe amana. Na ce wa Kawu ya sayo biyu, amma kada su zama na kamfani ɗaya. Sai ga shi da tagwaye, kwali ɗaya, lambobinsu ma suna bin juna.

Na ce, "Kawu, ba haka muka yi da kai ba."

Ya ce, "Ke Halima, ni da shanu na tashi. Ba a haɗa sa da maraƙi a karkiya ɗaya. Shanun huɗa sa'o'in juna ake nema, tsayi ɗaya, ƙarfi ɗaya, in ba haka ba kunya ta karkace."

Na yi masa bayani iya iyawata. Irin wannan faifai ba ya juyawa, ba ya ƙara, amma yana gajiya. Kowane gurbi a cikinsa yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai jure, kuma kyamara ba ta hutu. Biyun da aka ƙera rana ɗaya, aka ɗora musu kaya ɗaya, tare za su tsufa, kuma mai yiwuwa tare za su faɗi. Kawu ya saurare ni kamar yadda ake sauraron rediyon maƙwabci, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karin maganar ta kashe ayyuka a ƙasar nan fiye da gara.

Na haɗiye fushina na yi abin da zan iya. Akwatin namu mai araha ne, yana da wani mugun hali: in an goge tsohon bidiyo, ba ya sanar da faifan cewa wurin ya zama fili. Sai faifan ya yi ta tattalin shara, yana kwashe ta daga nan zuwa can kafin ya sami inda zai yi sabon rubutu, yana cin kansa a banza. Maganinsa shi ne a bar masa sarari. Na ware kashi ɗaya cikin huɗu na kowane faifai na bar shi ba a taɓa ba, kamar gonar da aka bari saura, don ya sami inda zai riƙa juya aiki. Na gaya musu abu biyu a gaban kowa: kada a taɓa wannan sarari, kuma in shekara ta zagayo a cire faifai ɗaya tun yana da lafiya, a sa sabo, don shekarunsu su bambanta.

Ashe na yi wa iska magana. Isah, sakataren ƙungiyar dillalan, ya ɗan iya danna kwamfuta, irin iyawar da ta fi rashin iyawa haɗari. Yana bincike ya ga sararin, ya ruga ya gaya wa Kawu wai akwai fili a kwance ba a amfani da shi. Mutanenmu kuwa ba sa iya ganin fili su wuce. In sun ga burtalin shanu sai sun matsa da kunya ɗaya, in sun ga bakin hanya sai sun soka rogo. Kawu ya ce a cike shi. Isah ya cike, har suka ƙara kyamarori biyu a wajen masu awaki, ba wanda ya neme ni. Da na gano, na ce a kashe akwatin a wanke faifan a sake tsari. Aka ce kasuwa ba ta tsayawa don ɗiyar yayar shugaba ta ji daɗi.

Da shekara ta zagayo na koma da maganar canji. Kawu ya yi dariya har da tafa hannu. "Wa ke yanka saniya tana ba da nono? Fitilarsu koriya ce, ke ma kin gani." Na nuna masa a allon kwamfuta inda faifan ke faɗin ƙarfin da ya rage musu, su biyun sun yi ƙasa, kuma daidai wa daida. Ya ce to ai ga shi nan, tafiyarsu ɗaya, abin da yake so ke nan. Na fita ina huci, har mai shayin ƙofar kara ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan damina ta faɗi abin ya zo. Wani manomi daga Kusasu, Wakili, an sace masa san huɗa guda daga cikin biyunsa, ya yi ta yawon nema har ya gane shi a rugar Jaji. Jaji dattijon Bafillace ne da ya daɗe zaune a gefen daji, kowa ya san shi a kara. Babban ɗansa, Bakoji, ya rantse sayen san ya yi a kasuwar da ta wuce, daga hannun wani mai jar hula, dab da ƙofa. Dillalin da ya shiga tsakani kuwa, da ya ga 'yan sa-kai, sai ya ce shi bai tuna ba. Aka tsare Bakoji. A irin wannan zamani, in aka liƙa wa ɗan Fulani sunan ɓarawon shanu, sabulu ba ya fitar da shi. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne kyamarar ƙofa.

Da hantsi Jaji ya zo shagona a bayan babur, sanda a kafaɗa. Ya ce, "'Yata, an ce ke kika sa idon nan da ba ya mantuwa. Zo ki buɗe musu su ga ɗana."

Na ce, "Baffa, mu je."

Muka tarar da ofishin cike da mutane, Wakili ma yana nan a tsaye, shi ba abin da yake so sai gaskiyar sansa. Akwatin yana ta ƙyafta jar fitila a gurbi biyu. Isah ya ce tun shekaranjiya akwatin yake kuka, shi ya ɗauka batirin sola ne, sai ya rufe shi da darduma don yana damun mutane. Na ciro faifai na farko na haɗa da kwamfutata, shiru, ko sunansa bai nuna ba. Na ciro na biyu, na canza waya, na canza kwamfuta, na yi duk addu'ar da na sani. Shi ma haka. Ɗaya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi kafin wani ya ga damar ɗaga darduma.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na manta Kawu kawuna ne. Na ce, "Ga shanun huɗarka nan, Kawu, tsayi ɗaya, ƙarfi ɗaya, sun kwanta a kunya ɗaya." Ya ce wai ƙaddara ce. Na ce ƙaddarar da aka karanta maka a allo tun bara, ka yi mata tafi. Wani dattijo ya ce in yi hankali da bakina, na bar maganar don girmansa, ba don na huce ba.

Jaji bai fahimci rabin abin da muke faɗi ba. Ya matso ya ɗauki faifan biyu, ɗaya a kowane hannu, yana juya su. Ya ce, "Ba an ce biyu ne don in ɗaya ya mutu ɗaya ya yi magana ba?"

Na ce, "Haka ne, Baffa. Amma sa'o'in juna ne, tare suka gaji."

Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, 'ya'yana maza biyu ne. Tun da hanyar nan ta lalace ban taɓa barin su hau babur ɗaya ba." Ya ajiye faifan a kan tebur a hankali, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da la'asar aka miƙa Bakoji ga hukuma, aka wuce da shi Kaduna. Na aika faifan wajen masu ceto bayanai, suka dawo mini da su yadda na aika. Har yau maganar tana kotu, ana ta ɗagawa. Duk ranar kasuwa Jaji yakan zo ya zauna a kan benci ƙarƙashin kyamarar ƙofa, ba ya saye ba ya sayarwa, yana duban duk mai jar hula da ya wuce.

Makon jiya Kawu ya aiko Isah shagona da leda, wai in zo in tayar da akwatin, an sayo sababbi masu kyau. Na buɗe ledar a gabansa. Biyu ne, kwali ɗaya, lambobinsu suna bin juna.