Filastar da Ke Bayan Inna

Tun da ciwon dajin ya kai ƙashi, Inna ba ta yi barcin kirki ba sai yau. Da safe ta yi ta kukan baya, Auta ta cika robar ruwan zafi ta tura mata ƙarƙashin kafaɗa. Can sai nishin ya lafa. Auta ta kashe rediyo, tana takawa a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai.

Da azahar yayar Auta ta shigo, ta tsaya bakin gadon.

"Ke Auta, wannan wane irin minshari ne?"

"Don Allah Yaya, rage murya. Da ƙyar ta samu."

Yaya ta girgiza Inna, ta kira ta, shiru. Leɓɓanta sun yi duhu. In ta ja numfashi ɗaya, sai an jira, an jira, kafin wani ya biyo.

Maƙwabcinsu direba ne ya kai su asibiti. A ɗakin gaggawa wata gajeriyar likita ta ɗaga fatar idon Inna ta haska. Ƙwayar idon ta tsuke kamar bakin allura.

"Wane magani take sha?"

"Ba ta iya haɗiya," in ji Yaya. "Filastar ciwo ake manna mata."

Likita ta juya Inna. Ga filastar a kafaɗa, fatar gefenta ta yi ja.

"Wa ya gasa mata nan?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Fentanil ne a ciki, maganin ciwo mai ƙarfin gaske," in ji likita tana ɓare ta. "Kaɗan-kaɗan fata ke shansa. In wurin ya ɗau zafi sai ya kwarara cikin jini, ya danne numfashi."

Nas ta kifa wa Inna robar iska a fuska. Likita ta zuƙi makarin maganin a sirinji, ta shiga tura shi ta jijiya, ɗan kaɗan, ta dakata, ta ƙara.

"Likita, tura duka mana!" in ji Yaya.

"In na tura duka, da ciwon gaba ɗaya za ta farka. Numfashi nake nema, ba ihu ba."

Auta ba ta ga komai a ɗakin ba sai ƙirjin uwarta. Ya ɗaga. Ya sauka. Ya sake ɗagawa, wannan karon bai sa ta jira ba.

Inna ta buɗe ido, ta shafa kai.

"Wace marar kunyar ce ta cire mini ɗankwali a gaban mutane?"

Nas ta tuntsire da dariya. Yaya ta zauna a ƙasa tana kuka.

Likita ta taɓa kafaɗar Auta da ke ta hawaye. "Ba a gaya miki ba, ko? Daina kukan. Akwai sauran maganin a fatarta, zai iya sake danne ta. Zauna nan, idonki a ƙirjinta. In numfashin ya yi jinkiri, ki kira ni."

Auta ta ja kujera.

"Autata," in ji Inna, "bayan nan ya fara. Ina robar ruwana?"

"Na baro ta gida, Inna."

Ta zura tafin hannu ƙarƙashin rigar, ta shiga shafa mata baya a hankali, idonta na kan ƙirjin.