Saiwar da Ke Ƙanshin Wardi

Dela ta shekara talatin tana sayar da saiwoyi da ganyen magani a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ba a taɓa kawo mata tsiron da ta kasa faɗin sunansa ba sai bayan hajjin 1996. Wata tsohuwa 'yar Rasha mai jiran jirgin komawa gida ta zo da faso a ƙafa, Dela ta shafa mata man kaɗe. Ba mai jin yaren wani. Da za ta tafi, tsohuwar ta kunce bakin gyalenta ta miƙa mata wani busasshen tsiro, tsawonsa taƙi ɗaya.

Dela ta juya shi ta sake juyawa. Ganyen ƙanana ne masu kauri, furen rawaya a dunƙule a bisa, saiwar kamar citta. Da ta kankare ta da wuƙa sai ƙanshin wardi ya tashi. Ta kai wa 'yan Yaman masu kayan ƙanshi, kowa ya shinshina ya girgiza kai. Abin ya tsaya mata a rai.

Maƙwabcinta Ubale, mai sauke kaya a tashar jiragen ruwa, ya ce, "Inna, ba ni shi. Akwai jirgin katako daga Rasha, kukunsu yana ɗan jin Larabci."

Bayan kwana biyu ya dawo da shi.

"Inna, kukun yana gani ya kama dariya har da hawaye. Saiwar zinariya suke ce masa. Can ƙarshen arewa yake fitowa, a tsagin duwatsun bakin teku, inda babu bishiya ko ɗaya. Ƙanƙara kan rufe shi wata takwas. Da ƙanshin ake gane shi, da kaurin ganyen. Ya roƙi guntu, na ba shi."

"Ka kyauta. Maganin me yake yi?"

"Gajiya, in ji shi. Kakarsa shayi take dafawa."

"Akwai 'yan iri a jiki. Na cika gwangwani da ƙasa zan shuka."

"Na tambaya. Ya ce ba zai yi a Jidda ba. Lokacin furensa rana ba ta faɗuwa a can, mako da makonni."

Dela ta naɗe tsiron a farin ƙyalle, ta ajiye shi daban da kayan sayarwa.

"Halas, shi ke nan. Yaushe jirgin zai tashi?"

"Jibi."

"To gobe ka koma. Ka tambayar mini shi, Musulmin garinsu da me suke gane magariba ta yi."