Rabin Littafin Likita

Har yau in na tuna ranar da na hau moto, wato babur, saboda rabin littafi, sai in ji raina ya ɓaci sabo.

Garinmu da Tudun Ƙirya, nan cikin ƙasar Gidan Amumune, kowa da ɗan ɗakin shan maganinsa. Mu Zalika ke duba mu, su kuma Lamine. Bara waccan aka aiko wa su biyun daga Mayahi da littafin nan mai kauri na Faransanci, wanda likita ke buɗewa ya ga wace cuta ce, wane magani, ƙwaya nawa. Guda ɗaya tak ya zo, wai su riƙa karɓa-karɓa. Maigarinmu ya ce nan zai zauna, mu muka riga su kafa gari. Nasu ya ce su suka fi mu yara. Kwana uku ana ja-in-ja, sai dattawa suka yanke shawara irin ta watanda. Aka kira mahauci, aka ƙirga mishi shafuna, ya sa wuƙa a gadon bayan littafin ya raba shi biyu daidai wa daida. Zalika ta ce ba haka ake yi ba, aka ce yarinya ce.

To, wata safiya cikin damina jikata Nuriyya, mai shekara biyu, ta tashi da zazzaɓi da tari, numfashi sama-sama. Uwarta na da tsohon ciki, don haka ni na goya ta.

Zalika ta ɗaga mata riga, tana kallon agogo tana ƙirga numfashi, sannan ta aza ta bisa sikeli.

"Inna, ciwon huhu ne. Amma magani akwai."

"To ba ta mana, ɗiyata."

"Na ruwan da na saba da shi ya ƙare. Wannan ƙwaya shekaranjiya ta zo, narkar da ita ake. Sai na duba awonta."

Ta jawo rabinmu, ta yi ta buɗawa har shafin ƙarshe. Sai ta dafe kai.

"Alamomin ciwon na wajenmu. Awon maganin na wajen Lamine."

Na ce, "Ke kuwa! Ɓalla mata rabin ƙwaya, yarinyar nawa take?"

"Inna, ban cinke da ran ɗiyar mutane. In ya yi kaɗan ba ya kashe ciwon."

Layin waya garinmu sai bisa tudun bayan makabarta. Can ta hau tana ɗaga hannu sama. Ta dawo tana haki: Lamine na kasuwar Tchaké, littafi na cikin akwati a gidansa, makulli na hannun matarsa Rabi'atu. Ita kuma ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatun boko. An ce ta ɗauki hoton shafin ta turo, hoto ya maƙale a hanya, da ya iso kuma ashe shafin masu ciki ta ɗauka.

Zalika ba ta iya tashi, mata takwas na zaune suna jiran awo. Na miƙa mata Nuriyya, na ɗaure ɗamara da gyale, na kira Rufa'i mai kabu-kabu ya kai ni Tudun Ƙirya.

Ni da rabona da hawa moto tun bikin autata! Ruwa ya kwanta a fadama, sau biyu ina sauka ina tattare zane, Rufa'i na tura moto yana cewa, "Kaka, ki yi haƙuri, saura kaɗan." Na ce ya bar ba ni haƙuri, ya kai wa maigari.

Da muka isa, Rabi'atu ta tsaya bakin ƙofa.

"Inna, maigari ya hana a hitar da shi daga gari."

"Maigarin naku shi ke numfashi sama-sama ko jikata? Miƙo nan. In ya tambaya, ki ce tsohuwa ta zo ta ƙwace."

Ta yi dariya, ta naɗe min shi cikin leda.

Azahar ta gota muka dawo. Zalika ta haɗa rabin nan da wancan, ta bi layi da yatsa har inda aka rubuta nauyin Nuriyya.

"Ƙwaya biyu da safe, biyu da marece, kwana biyar."

"Biyu?"

"Biyu, Inna."

Ni da na ce a ɓalla mata rabi! Zalika ta narkar da su cikin kofi, na tallafe kan yarinya, ta sha tana yamutsa fuska.

Kwana na uku Nuriyya ta sauka daga bayana da kanta, ta bi 'yan awaki tana ihu. Na ɗaga rigarta na daɗe ina kallon ƙirjin nan yana hawa yana sauka a hankali. Sannan na ɗauki butata, na tahi yin alwala, gwiwoyina na ta ƙara.