Yadda Athira Ta Yi Rawar Uwa

Matasan garinmu Kottayam na yanzu sun iya duk rawar da ke cikin waya, amma ka ce su durƙusa su gaida ƙasa kafin su taka ta, sai su kalle ka kamar ka miƙa musu magani. Iyayensu ke turo mini su ran Asabar, wai in koya musu rawar gargajiyarsu. Ni kuwa ina buga sandata a kan katako ina masifa, har ƙafafunsu su ji magana.

Athira ta fi kowa ƙafa. 'Yar shekara sha biyar ce, tana hannun kakarta. Uwarta Sheeja na aikin jinya a Kuwait tun yarinyar ba ta shiga makaranta ba. Bana za ta zo Onam, bikinmu na girbi, shi ya sa Athira ta ƙwallafa rai a kan rawar uwa, wadda mace ɗaya ke yi a tsakiyar fili. Uwa ta dunƙula shinkafa, ta nuna wa ɗanta wata a sama, ta lallashe shi ya buɗe baki. Ba yaro, ba kwano, fuska da yatsu ne kawai.

Fuskar ce ta gagare ta.

"Wannan uwa ce ko mai karɓar tikiti a bas?" in ji ni.

Gokul, mai koyon ganga, ya tuntsire da dariya. "Malama, in ni ne yaron nan, gara in kwana da yunwa."

"Kai da ko tashi ba ka yi daga gaban kwano?" Athira ta harare shi, amma idonta ya ciko.

Na gaya mata gaskiya, in ba ta gyara ba wata ɗalibar, Devika, zan ba rawar, ita ta koma layin baya. Ban ji daɗin faɗa ba. Na sassauta murya na ce, "'Yata, manta da abin da na koya miki. Yi mini yadda uwarki ke yi miki."

Ta zauna. Maimakon ta rungume yaro a kwiɓi, sai ta miƙe hannun hagu gabanta, tafin na kallon fuskarta. Waya ce. Na buɗe baki zan yi faɗa, na fasa. Fuskar nan ta washe. Ta ɗaga gira tana tambaya ko an ci abinci, ta dunƙula loma ta kai bakin wayar, ta ɓata rai da wasa, ta sumbaci iska, ta ɗaga hannu. Sai ta kife wayar a cinya. Murmushin ya zube, kafaɗunta suka faɗi, ta toshe baki da bayan hannu tana girgiza ba sauti.

Gokul ya janye hannunsa daga ganga. Ni kaina ƙwalla ta cika mini ido, ban ɓoye ba.

"Wannan na ƙarshen fa?" na tambaya.

"Wani lokaci uwata tana zaton ta kashe wayar, Malama. Ni kuma ba na kashewa."

Na kira ta, na ɗaura mata ƙararrawar ƙafa da hannuna. "Rawar taki ce. Amma ki sani, ran bikin uwarki na zaune a gaba, za ta gane kin daɗe kina jin kukanta."

"Na sani," ta ce, tana gyara igiyar. "So nake ta daina jira sai na tafi kafin ta yi kuka."