Ramukan da Baba Ya Huda a Hagu

Da Baba ya rufe shagonsa na gyaran agogo, hannunsa bai yarda ya huta ba. Sai ya samo zanen wani ɗan injin tururi wanda bai fi tafin hannu ba, da niyyar ƙera shi, ya shimfiɗa shi a teburin ɗakin baya, ya danne gefunan da kofuna. Lambobin ba su ba shi wahala ba, alamomin ne suka tsaya masa a wuya.

Autarsa injiniya ce a kamfanin famfo a wani gari, don haka ita ya riƙa kira.

"Auta, ga wata da'ira an soke ta da sanda."

"Faɗin rami ke nan, Baba."

"To, wannan mai kama da makin malami fa?"

"Santsin ƙarfen ake nufi. Ka goge shi sosai."

Daga nan hira ta zarce: ta ci abinci? Tarin nan ya sake ta? Kullum haka. Wata rana ya kira tana tsakiyar taro, ta ce a gaggauce, "Baba, duk suna intanet, don Allah ka duba." Ya ce to. Bai sake kira ba.

Bayan kwana biyu Mama ta buga mata. "Da'irar nan sau nawa ya tambaye ki? Mutumin da ya tsufa a cikin agogo ne zai manta alamar faɗin rami? Ke ma dai, da karatunki."

Ranar hutu Auta ta hau mota zuwa gida.

Ta sami Baba da tabarau a goshi, ya tasa silindar tagulla, wato bututun da tururi ke shiga, a gaba. Silindar ta ƙi zama a mazauninta, domin ramukan ƙusa sun fito a hagu maimakon dama. Auta ta bi zanen da yatsa har kusurwar ƙasa, inda aka zana ɗan mazurari kusa da da'ira biyu.

"Baba, wannan ne ke nuna ta wane gefe aka kalli abin. A juye ka karanta zanen."

"Ashe? Ni na ɗauka tambarin masu zanen ne." Ya sosa ƙeya. "Na so in tambaye ki, sai na tuna kina aiki."

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, suka yanko sabuwar tagulla. Ita ta sa maki, shi ya huda, yana yi mata faɗa wai ta danne ƙarfen kamar mai tsoron ya cije ta.

Da la'asar suka kunna wuta ƙarƙashin ɗan tulun ruwan injin. Injin ya yi tari, ya tofa wa Baba ruwa a tabarau, sannan tayarsa ta kama juyawa, cik-cik-cik. Mama ta leƙo da tsumma a hannu, ta daɗe tana kallo.

"To, me yake yi?" in ji ta.

"Juyawa," in ji Baba.

"Madalla. Ku ba ni kofunana."