Kaska a Kwalbar Turare

Motar tana barin tashar Gashua, Fanne ta ƙara ƙanƙame jakarta a kan cinya. Mijinta Dunoma ya cire hiraminsa ya maƙala a jikin taga don ya tare mata rana, sannan ya matse kafaɗarsa don kada ya danne ta.

"Kin dai san duk ƙasar Bade babu wanda ya taɓa raka kaska Nguru sai ni," in ji shi.

"Ai sai ka gode wa Allah, ka kafa tarihi," ta ce tana dariya, duk da dariyar tana sara mata kai.

Fanne malamar firamare ce a Katuzu. Shekara takwas ke nan tana fama da lufus, cutar da garkuwar jikin mutum take rikicewa ta juyo tana yaƙar jikin. Duk bayan wata biyu takan je asibiti a Nguru, kuma kullum tana shan magungunan da ke kwantar da garkuwar. Ta saba da abinta. Amma yau kwana huɗu ke nan zazzaɓi ya kwantar da ita. An yi gwajin maleriya sau biyu, ba a ga komai ba. Dunoma ya ce ciwonta ne ya motsa. Ita kuwa ta ce a'a.

Kwana goma da suka wuce, ta tsuguna a bayan gida tana cire wa wata akuyarta mai jego kaska. Washegari tana wanka ta ji wani abu a bayan gwiwarta. Ta duba, sai ga kaska ta sha jini ta yi ɓul-ɓul. Ta zare ta a hankali, ta jefa cikin wata tsohuwar kwalbar turare ta rufe, domin likitarta ta taɓa ce mata duk wani baƙon abu da ya shafi jikinta ta kawo a gani.

"Magani take nufi, Fanne, ba ƙwari ba," Dunoma ya sake faɗa lokacin da suka tsaya a Jajimaji ana sauke buhunan tattasai.

"Ba ta rarrabe ba."

Sun isa asibitin da hantsi. Likita Rumaisa, wadda ta shekara biyar tana duba Fanne, ta auna zafin jikinta, ta lallatsa gaɓoɓinta, ta jawo kati.

"Malama, da alama ciwon ne ya taso. Zan ƙara miki yawan maganin na mako biyu, mu ga ko zai lafa."

"Likita, dakata tukuna," in ji Fanne. "Wannan ba nawa ba ne."

Likitar ta ɗago kai.

"Nawa idan zai zo, yatsu yake fara kamawa da safe, har in kasa riƙe alli. Sai kumatuna su yi ja, in ga gashi a kan matashi. Wannan kuwa da ciwon kai ya fara, ga wani ƙululu a matsematsina. Ban taɓa yin irinsa ba."

Ta buɗe jaka ta ajiye kwalbar a kan tebur. Dunoma ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

Likitar ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta buɗe murfin, ƙamshi ya cika ofishin. Ta fashe da dariya.

"Wallahi wannan kaskar ta fi ni ƙamshi. A ina ta kama ki?"

Dunoma ya fita, Fanne ta hau gadon gwaji. A bayan gwiwar akwai wani baƙin tabo kamar ƙunar taba, gefensa ya yi ja. Dariyar likitar ta tsaya. Ta mayar da alƙalaminta aljihu.

"Kin ga jini a hanci ko a dasashi? Ko a fitsari?"

"Ko ɗigo."

"Alhamdulillahi. Ina zargin zazzaɓin cizon kaska ne. Ban ce tabbas ba, don gwajin da zai tabbatar sai an aika jinin wani gari, ya ɗauki kwanaki. Amma ba za mu zauna jira ba. Kin kyauta da kika tsayar da ni. Da na ƙara miki wancan maganin, da na sake raunana miki garkuwa alhali akwai cuta a jiki."

Ta tura su ɗakin gwaji a duba jini da ƙoda, ta ce su dawo bayan azahar.

A ƙarƙashin wata bishiyar maina suka zauna. A nan ne damuwa ta bayyana a fuskar Fanne. Ƙoda ita ce abin da take tsoro tun ranar da aka gaya mata sunan cutarta. Akwai wata mata daga Machina da suka daɗe suna haɗuwa a layi, ƙoda ce ta tafi da ita bara. Dunoma ya lura. Ya tashi ya sayo kunun aya mai sanyi, ya zauna ya shiga ba ta labarin yadda jiya ya yi wa yara tuwo, ya kasa tuƙawa, har muciya ta tsaya cak a tsakiyar tukunya.

"Rahima ta ce in bar shi, za su ɗaure akuya a jikin muciyar," in ji shi, yana nufin 'yarsu.

Fanne ta yi dariya har ta dafe goshi. "Ka daina, kaina zai tsage."

Bayan sun yi salla suka koma. Likita Rumaisa ta daɗe tana karanta takardar, Fanne tana bin idonta.

"Ƙodarki lafiya lau. Jinin ma bai yi ƙasa yadda zai tayar mini da hankali ba."

Fanne ta saki numfashi. Dunoma ya shafa addu'a da ƙarfi, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Likitar ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana goma. Ta ce a dakatar da ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan har zazzaɓin ya sauka, sauran kuwa kada ta kuskura ta tsallake ko rana ɗaya. Idan kwana uku suka cika ba sauƙi, ko ta ga jini a ko'ina, su taho nan take, kada su tsaya neman shawara.

"Likita," in ji Dunoma, "ni dai na yanke hukunci. Ranar kasuwa zan kwashe awakin nan in sayar."

"Awakin wa?" in ji Fanne.

"Malam, ba sai an sayar ba," likitar ta ce tana murmushi. "A nemi malamin dabbobi ya ba da maganin wanke su, a share garken. Amma ita kada ta sake taɓa kaska da hannunta. Wani ne zai riƙa yi."

Su biyun suka juyo suka dube shi. Dunoma ya gyara hularsa.

"Na ji. Tuwo ni, awaki ni."

A wajen karɓar magani layin ba shi da tsawo. Dunoma ya miƙa takardar, Fanne ta samu benci ta zauna. A ɗaya ƙarshen bencin akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, da lallen amarci bai gama gogewa a hannunta ba. Ta riƙe leda cike da magunguna, hawaye na sauka a kan hijabinta ba ta ko sharewa. Fanne ta gane fakitin tun daga nesa. Irin nata ne.

"Ƙanwata, ya sunanki?"

"Zara."

"Yau aka gaya miki?"

Yarinyar ta gyaɗa kai. "Sun ce wai cutar ba ta warkewa. Ko sunanta ban iya faɗa ba. Me zan ce wa mijina? Me zan ce wa mamarsa?"

Dunoma ya dawo da magani a hannu. "Fanne, tashi mu tafi. In muka yi sauri za mu samu motar da ke lodi, ki je ki kwanta."

Fanne ta karɓi ledar, ta ɓalli ƙwaya ɗaya, ta kora da ruwan da ya rage a gorarta. Kanta yana sarawa, ƙafafunta sun yi nauyi, babu abin da take so irin katifarta. Ta dubi yarinyar, ta dubi mijinta.

"Mu bi motar da za ta biyo baya," ta ce.

Dunoma ya koma can gefe ya jingina da bango.

Fanne ta ɗauke jakarta daga kan bencin ta ajiye a ƙasa.

"Matso nan, Zara. Zazzage ledar mu gani. Wanne suka ce ki sha da safe?"